Ba kowane ciwon gaɓa ne sanyi ba

Assalamu alaikum. Shugaban ƙungiya, iyayenmu maza da mata, 'yan uwa, barkanmu da haɗuwa.

Da hunturu ya shigo, sai ka ji ana cewa sanyin ƙasar nan ya shiga ƙashi. Ba na musun wannan. Amma akwai nau'in amosanin gaɓɓai da likitoci ke kira rumatoyid, wanda ba sanyi ne ke kawo shi ba. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa kansa.

Gaɓa tana da wani siririn tantani a ciki, mai fitar da ruwan da ke sa ta motsi cikin sauƙi. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu yaƙi da cuta, sai su ɗauki wannan tantani a matsayin abokin gaba. Daga cikinsu, ƙwayoyin T su yi gangami, ƙwayoyin B su shiga ƙera makamai, wasu manya da ake kira makrofaj su riƙa zubo sinadarin TNF, shi kuma ya yi ta kiran ƙarin dakaru. Tantanin ya yi kauri, gaɓa ta kumbura ta ɗau zafi, a hankali a cinye guringuntsi, a kai ga ƙashi. Abin da aka cinye kuwa ba ya dawowa, nan ne damuwata.

Iyaye mata, ku saurara da kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ke fama da wannan ciwo, kashi 70 cikin 100 mata ne. Alamarsa: yatsu da wuyan hannu su kumbura dama da hagu tare, da safe a tashi hannu a sandare fiye da rabin awa, ko maɓallin riga ya gagara.

Maganin kashe zafi yana rage raɗaɗi ne kawai, ɓarna na ci gaba a ciki. Wanda ke lallashin garkuwar shi ne irin su metotirezet. A farkon shekarun 1990 kuma, Marc Feldmann da Ravinder Maini a Landan suka nuna cewa toshe TNF yana kwantar da kumburin, yau alluran da ke toshe shi suna hannun likitoci. Masu shan taba, ba zan kalli kowa ba, amma tana ƙara haɗarin kamuwa.

Duk wanda kumburin ya kai masa makonni, ya je wurin likita ya nemi a yi masa gwajin jini, a tura shi ga ƙwararren likitan gaɓɓai. Mai buƙatar tafinta ya same ni bayan an tashi.

Na gode, Allah ya ƙara mana lafiya.