Lacca: Yadda ake neman tsofaffin takardun binciken mutuwa a Ingila

Assalamu alaikum jama'a. To yau maganarmu kan takardun binciken mutuwa ne a Ingila da Wales, wato in mutum ya mutu farat ɗaya, ko aka tsinci gawarsa a kogi, ko inji ya kama shi a masana'anta, akwai jami'in da suke kira korona, shi ke zama ya binciki sanadi. Ofishi ne daɗaɗɗe, tun 1194 yake.

Shawarata ga mai bin tarihin danginsa, don Allah kada ka fara da farautar fayil ɗin kansa, wahala kawai za ka sha. Fara da satifiket na mutuwa. Ran 1 ga Yuli 1837 aka soma rajista, to in ka duba gurbin wanda ya kai rahoto, maimakon sunan matar mamacin ko ɗansa sai ka ga an sa koronan gunduma kaza, sau tari har da ranar da aka zauna. Riƙe ranar nan da kyau.

Da ita za ka shiga jaridu, kuma ni a ganina nan ne ainihin ribar take. Da yake a wancan zamanin galibi a mashayar da ta fi kusa ake zaman, a tara maza aƙalla 12 na unguwa su je su ga gawar da idonsu sannan a kira shaidu, ɗan jarida yana gefe yana ta rubutu, sai ka ga maƙwabciya na cewa ita ta ji ihu da asuba, abokin aiki na bayanin yadda tsanin ya zame, likita ya faɗi nasa, ga adireshi ga sana'a ga sunan surukin da ba ka taɓa jin labarinsa ba. British Newspaper Archive, wato rumbun tsofaffin jaridun Birtaniya, na da su a intanet. Sai dai 'yan jaridar nan gwanaye ne wajen rubuta suna ba daidai ba, gwada rubuta shi iri-iri, ko ka nema da sunan titi.

Fayil ɗin kuwa, na baya-bayan nan a rufe yake sai ya cika shekara 75, kuma doka ta yarda korona ya lalata da yawa bayan shekara 15, shi ya sa za ka rubuta wa ma'ajiyar gunduma su ce maka babu. Na kafin 1875 ne aka ce a adana. Tsakanin 1752 da 1860 duba takardun Quarter Sessions, wato kotun gunduma mai zama sau huɗu a shekara, don nan korona ke kai lissafinsa a biya shi fam ɗaya kan kowane zama da peni 9 kan kowane mil, ko fayil ya ɓace wannan lissafin kan nuna suna da rana da hukunci. In kisan kai ne, ko abin ya girmi haka, sai National Archives, babbar ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Kew a Landan.

Hukuncin ma karanta shi da lura. Har 1870 ana iya ƙwace dukiyar wanda ya kashe kansa da hankalinsa, don haka mazan nan da aka tara, masu yanke hukuncin, kan tausaya wa iyali su ce taɓin hankali ne.

Malama can baya tana tambayar ko haka abin yake a Scotland. A'a hajiya, can babu korona sam, mai gabatar da ƙara na gwamnati ne ke bincike, kuma zaman bin bahasin haɗurran wurin aiki sai 1895 aka fara, takardunsa a Edinburgh za ki neme su.