Yadda Koriya ta Kudu Ke Ƙera Mawaƙan da Suka Karaɗe Duniya

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya kalli bikin buɗe gasar cin kofin duniya a Katar ranar 20 ga Nuwamban 2022, ya ga wani matashi ɗan Koriya ta Kudu mai suna Jungkook yana waƙa tare da mawaƙin Katar Fahad Al Kubaisi a filin wasa na Al Bayt. Shekara uku kafin nan, a Oktoban 2019, ƙungiyarsa ta BTS ta yi wasa a filin Sarki Fahad da ke Riyad. Koriya ta Kudu ƙasa ce da mutanenta ba su haura miliyan 52 ba, harshenta kuma ba yawo ya yi a duniya kamar Turanci ko Larabci ba, amma waƙarta ta isa inda ba a zata ba. Sharhinmu na yau a kan yadda ake ƙera wannan kiɗa ne da ake kira K-pop. Da gangan na ce ƙerawa, domin aikin ya fi kama da na masana'anta fiye da na mawaƙin da ya tashi da baiwarsa ya nemi makaɗa.

Tushen abin a 1992 yake, lokacin da wasu samari uku, Seo Taiji da abokansa biyu, suka fito a talabijin ɗin MBC da salon rap da rawa irin ta Amurka cikin harshen Koriya. Alƙalan shirin sun ba su maki kaɗan, matasa kuwa suka ruɗe a kansu. Ɗaya daga cikin ukun, Yang Hyun-suk, shi ya kafa kamfanin waƙa na YG a 1996. Lee Soo-man ya riga shi da SM a 1995, sai Park Jin-young da JYP a 1997. A ƙarshen wannan shekarar tattalin arziƙin ƙasar ya durƙushe har ta nemi bashin asusun lamuni na duniya. Gwamnatin Kim Dae-jung da ta hau a 1998 ta ɗauki waƙa da fim a matsayin hajar fitarwa waje, ta yi dokar bunƙasa masana'antun al'adu a 1999, ta kuma zuba kuɗi a intanet mai sauri. Gwamnati share hanya ta yi, kamfanoni ne suka yi ginin. Da yake kasuwar gida ƙarama ce, tun farko idonsu na waje: SM ya koya wa yarinya BoA Japananci, a 2002 kundin waƙoƙinta ya zo na ɗaya a jadawalin Oricon na Japan.

To, yaya ake yin mawaƙi? Kamfani yakan shirya gwaji a Seoul da wasu biranen duniya, ko wakilansa su hango yaro a titi ko a intanet. Mafi yawan waɗanda ake ɗauka 'yan shekara goma sha ne. Yaro ya zama ɗan koyo ke nan: bayan an tashi makaranta sai ɗakin atisaye har dare, ana koya masa murya, rawa, Japananci ko Turanci ko Sinanci, da yadda zai yi magana a gaban kyamara. Duk ƙarshen wata akwai jarrabawa a gaban shugabanni, wanda bai ci gaba ba a sallame shi. Wani shekara biyu zai yi, wani huɗu. Jihyo ta ƙungiyar Twice shekara goma ta yi tana koyo kafin ta fito a 2015. Da yawa kuma ba sa fitowa sam, sun bar karatu a baya, ga ƙuruciya ta wuce.

Idan an zo haɗa ƙungiya, rabon aiki ake yi. Akwai shugaba, akwai mai ɗaukar murya mafi wuya, akwai gwanin rawa, akwai mai rap, akwai wanda aka sa don kyan fuska, sannan ga auta, wanda Koriyawa ke kira maknae. Hikimar a nan ita ce kowane mai kallo ya sami nasa gwanin a cikin mutum biyar ko bakwai ko goma sha uku. Sanya baƙo ma lissafi ne: Lisa ta Blackpink 'yar Thailand ce, kuma ta jawo wa ƙungiyar masoya a kudu maso gabashin Asiya tun ranar farko.

Waƙar kanta sau da yawa ba mutum ɗaya ke tsara ta ba. Kamfani yakan tara masu tsara kiɗa daga Sweden da Amurka da Birtaniya da Koriya a yi 'yan kwanaki ana haɗawa, sannan a rubuta baitoci da harshen Koriya, a bar 'yan kalmomin Turanci a amshi don baƙo ya iya bi. Shi ya sa a cikin minti uku za ka ji kiɗa ya sauya salo sau biyu ko uku. A rawar kuma dole a sami wani motsi guda mai sauƙin kwaikwayo. Rawar doki da Psy ya yi a Gangnam Style ita ce misalin da kowa ya sani, bidiyon da ya fara kai kallo biliyan ɗaya a YouTube a Disamban 2012. A nan kamfanonin Koriya suka yi wayo: maimakon su ɓoye bidiyonsu don tsoron masu satar fasaha, sai suka sake shi kyauta, suka nemi kuɗin ta wata ƙofa.

Wannan ƙofa ita ce magoya baya. Duk fitowar sabon kundi, wadda suke kira dawowa, tana da jadawali: hotunan ɗanɗano, gajeren bidiyo, sannan waƙar, sai makonni ana zagaya shirye-shiryen talabijin irin su Music Bank na KBS da Inkigayo na SBS, inda ake fitar da gwanin mako bisa ciniki da saurare da ƙuri'a. Magoya baya ne ke wannan aiki. Su ke fassara waƙoƙi kyauta zuwa harsuna, su tsara wa juna lokutan saurare, su tara kuɗi su sayi allon talla. BTS, wadda ta fito a 2013 daga ƙaramin kamfanin Big Hit, da ƙarfin magoya bayanta da ake kira ARMY ta hau saman jadawalin kundi na Billboard a Amurka a 2018, sannan na waƙoƙi a 2020. A Yunin 2020 ƙungiyar ta ba da dala miliyan ɗaya ga fafutukar kare haƙƙin baƙar fata a Amurka, magoya bayanta suka tara wata miliyan ɗayan cikin kusan kwana guda.

Sai dai inda ƙarfin yake, nan ɓarakar take. A zamanin da faifan CD ya mutu kusan ko'ina, Koriya ta sayar da faifai fiye da miliyan 100 a 2023. Dalili? A cikin kowane kwali akwai ƙaramin katin hoton mawaƙi guda, ba ka san na wa za ka samu ba sai ka buɗe. Kowane kwali kuma tikitin ƙuri'a ne na samun damar ganawa da mawaƙan. Sai mutum ɗaya ya sayi ashirin ko hamsin, ya cire katunan, ya zubar da robar. Wannan ya fi kusa da caca, kuma yara ne ake tatsa.

Su ma mawaƙan suna biya. A 2009 mutum uku daga ƙungiyar TVXQ sun kai SM kotu kan kwantiragin shekara 13, kuma a shekarar ce hukumar kula da adalcin kasuwanci ta ƙasar ta fito da kwantiragin bai-ɗaya mai iyakar shekara bakwai. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa ke watsewa a shekara ta bakwai. A ƙananan kamfanoni, kuɗin horo da masauki da sutura bashi ne da ake cirewa kafin mawaƙi ya ga ko sisi, don haka wani zai yi shekaru yana fitowa a talabijin aljihunsa wayam. Dokar 2014 ta kayyade aikin yaran da ba su kai 15 ba zuwa awa 35 a mako, wanda ke nuna yadda abin ya kai kafin nan. Ga takura kan abinci da nauyin jiki, ga hana soyayya, ga zagin intanet da ba ya ƙarewa. Mutuwar Jonghyun a 2017, da ta Sulli da Goo Hara a 2019, dukkansu ba su kai shekara 30 ba, ta girgiza ƙasar. Ba na jin adalci ne a yaba kyan rawar nan ba tare da ambaton sunayensu ba.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin kamfani. Kowane namiji lafiyayye sai ya yi aikin soja, wata 18 a rundunar ƙasa, kuma BTS ma ba su tsira ba: Jin ya shiga a Disamban 2022, na ƙarshensu ya kammala hidimarsa a Yunin 2025. Siyasa ma na taɓa ciniki. Da Koriya ta amince a girke makaman kariya na Amurka a 2016, China ta toshe wa mawaƙan Koriya kasuwa ba tare da wata sanarwa ba, abin da ya ƙara tura kamfanonin zuwa Amurka da Turai da ƙasashen Larabawa.

Tasirin ya wuce waƙa. A 2021 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 26 masu asali daga Koriya, har da hallyu, wato guguwar al'adun ƙasar. Matasa na cika azuzuwan koyon harshen, suna neman abincinta da man shafawarta. A Abuja akwai cibiyar al'adun Koriya tun 2010, tana shirya gasar rawar K-pop. Mu da iyayenmu suka haddace waƙoƙin Indiya ba tare da jin Indiyanci ba, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A can Koriya kuwa, lokacin da shugaban ƙasa na wancan lokaci, Yoon Suk Yeol, ya ayyana dokar soja ranar 3 ga Disamban 2024, 'yan mata sun fito zanga-zanga gaban majalisa riƙe da sandunan fitilar da suke ɗagawa a wuraren wasan mawaƙansu.

Yanzu kamfanonin sun fara fitar da tsarin kansa zuwa waje. JYP ya haɗa NiziU da 'yan matan Japan a 2020. HYBE, wanda shi ne tsohon Big Hit, ya haɗa kai da kamfanin waƙa na Geffen na Amurka suka fito da Katseye a 2024, 'yan mata shida da aka horar a Los Angeles, ɗaya ce kawai a cikinsu ta fito daga Koriya, kuma da Turanci suke waƙa. A Seoul kuwa, Fatou, haifaffiyar Senegal da ta tashi a Beljiyam, tana rap da harshen Koriya a ƙungiyar Blackswan.