Darasi: farautar talotalon daji a Kaliforniya, da yadda ake riƙe yawansa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau talotalon daji za mu taɓa, irin na jihar Kaliforniya a Amurka. Na ɗauka duk mai kallon nan yana da lasisinsa da shaidar izinin harbin tsuntsayen tudu, ya kuma san riƙon bindiga, don haka ba zan tsaya a nan ba.

Ku fara sanin cewa tsuntsun nan baƙo ne a jihar. Akwai wani jinsin talotalo da ya taɓa zama a can, ana tono ƙasusuwansa a ramukan kwalta na La Brea a Los Angeles, amma ya ƙare kimanin shekara 10,000 da suka wuce. Wanda kuke gani yau hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar ce ta kawo shi. Da farko ta saki na kiwo, galibi suka lalace, don tsakon da bai tashi a bayan uwa a daji ba bai san gudu daga maƙiyi ba. Daga 1959 aka koma kamo na daji, galibi irin Rio Grande daga Texas, ana saki har zuwa 1999. Shi ne ya kama ƙasa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To, kaya. Bindiga mai watsa ƙwaya, lamba 12 ko 20, kuma dokar jihar ta ce kada ta iya ɗaukar fiye da harsashi uku. Harsashin dalma haramun ne a duk farautar Kaliforniya tun 1 ga Yuli 2019, saboda gubarta na kashe masu cin mushe, musamman babbar ungulun nan ta jihar. Ni na fi son ƙwayar ƙarfen tungistin lamba 9. Ta fi dalma nauyi nesa ba kusa ba, wajen giram 18 a inda dalma mai girma ɗaya ke da 11, saboda haka ƙwaya ƙarama tana shiga da ƙarfi kuma kowane harsashi na ɗauke da ƙwayoyi da yawa. Tsada gare ta, ba ƙarya. Amma harbi nawa za ka yi a shekara? Sayi kwali ɗaya ka huta.

Ga inda mutane ke ganganci. Kada ka shiga daji da bindigar da ba ka gwada watsuwarta a takarda ba. Kafa babban kwali a mita 36, zana da'ira mai faɗin santimita 25, ka zauna a ƙasa yadda za ka zauna a daji, ka harba. Ƙirga ramuka. Idan ba su kai 100 a cikin da'irar ba, matso mita biyar ka sake. Inda suka kai 100, nan ne iyakarka. Sannan duba tsakiyar watsuwar, don bindigogi da yawa suna jefawa sama ko gefe da inda ka saita. Ka kuma gwada a mita 15. Da matsattsen bakin da ake ɗaura wa bindigar talotalo, ƙwayoyin a wannan tazara ba su fi dunƙulen hannu ba, shi ya sa za ka ji mutum ya kuskure tsuntsun da ke gaban hancinsa.

Tufafi na saje da daji, har fuska da hannu. Ban da ja, ban da fari, ban da shuɗi, ko da safa ce ko hankici, domin launukan kan namiji ke nan, kuma ba kai kaɗai ke daji da bindiga ba.

Neman wuri. Talotalo a kan bishiya yake kwana, irin Rio Grande kuwa yana son manyan itatuwan bakin rafi. Duba ƙarƙashinsu: gashi, kashi, sawu. Kashin namiji dogo ne mai lanƙwasa a ƙarshe kamar ƙugiya, na mace dunƙule ne a murɗe. Sawun da ya haura santimita 10 na namiji ne. Da magariba ka tsaya nesa ka yi kukan mujiya ko na hankaka. Namiji a lokacin barbara ba ya iya jin ƙara ya yi shiru, zai amsa, ka san bishiyarsa.

Da asuba, tun da duhu, ka zauna mita 100 zuwa 150 daga bishiyar, ta ɓangaren da suka saba sauka. Jingina da kututturen da ya fi kafaɗunka faɗi. Gwiwar hagu a sama, bindiga a kanta... ga mai harbi da dama ke nan, bahago ya juya. Kafaɗarka ta hagu ta fuskanci inda kake sa ran fitowarsa, don mai harbi da dama ya fi iya juyawa hagu. Talotalon roba, mace ɗaya ta isa, kafa ta a mita 15 zuwa 18. Ka auna iyakar harbinka da wani dutse ko kututture tun kafin gari ya waye.

Yanzu kira, nan zan daɗe. Ga akwatin kira a hannuna. Murfin ba danna shi ake ba, nauyinsa kawai ya isa. Ja shi a hankali kan gefe, saurara, sauti biyu ne a haɗe, siriri sannan ya faɗo ya yi kauri. Wannan faɗowar ita ce kukan mace. In ka ɗaga murfin kafin ya faɗo, ƙarar ƙyaure ka yi. Biyar zuwa bakwai a jere, ka tsaya. Ƙasan murfin ana goga masa alli marar maiƙo, kuma kada yatsa ya taɓa wurin, gumi na kashe sautin. Shi faifan dutse kuwa, wani abin kiran ne, riƙe ɗan tsinken da ake goga masa kamar biro, ka karkata shi ya kalli waje, ka zana 'yan ƙananan da'irori masu siffar ƙwai ba tare da ka ɗaga shi daga dutsen ba. Ba ka ɗagawa, na maimaita. Komawar ba ta ƙara, tahowar ce ke yi. In ya yi santsi goge shi da soson ƙarfe... a'a, da koren soson wanke tukunya, na ƙarfe zai ci dutsen, kuma ta fuska ɗaya za ka goga. Raɓa ko yayyafi na kashe waɗannan biyun, shi ya sa ake koyon na sakawa a baki, wanda kuma yake bar maka hannu biyu a kan bindiga.

Babban kuskure shi ne yawan kira. A ɗabi'arsu namiji ke kuka, mace ta je wurinsa, kai kuwa kana so ka juya al'amarin. Yana kan bishiya ka yi 'yar siririyar murya sau ɗaya ko biyu. Ya amsa? Ajiye akwatin. In ka ci gaba zai zauna a reshe yana jiran macen ta iso. Bayan ya sauka, za ka ga wani ya taho har mita 60 ya toge, ya baza jela yana kai da komo. Ko dai ya iso inda ya kamata ya hango macen bai gan ta ba, ko akwai shinge ko kwazazzabo tsakaninku. Maganin shi ne shiru, sai ɗan karce busasshen ganye da hannu kamar mace na tono. Kada ka ce za ka lallaɓa ka same shi. Idonsa na ɗaukar kusan digiri 270 ba tare da ya juya kai ba, kuma kukan da kake lallaɓa wa zai iya zama na wani maharbi. In ka ga mutum na tahowa, kira shi da murya, kada ka ɗaga hannu.

Idan mata sun ɗauke shi da sassafe, kada ka tashi. Da hantsi suna zamewa zuwa sheƙa, ya rage shi kaɗai, a lokacin ya fi saurin amsawa.

Harbi. A zangon farko, wanda ke buɗewa Asabar ɗin ƙarshe ta Maris ya yi kwana 37, mai gemu, wato tukkun gashin da ke rataye a ƙirji, kaɗai aka yarda, ɗaya a rana, uku a zango. Sai ka ga gemun da idonka. Ɗan shekara gemunsa gajere ne, gashin tsakiyar jelarsa ya fi na gefe tsawo. Babba jelarsa a daidaice take. Wasu mata na da siririn gemu, doka ta yarda, amma ku ji abin da zan ce kan mata nan gaba. Kada ka harbe shi yana cikin baza jela, kansa a noƙe yake, sai ka cika ƙirji da ƙwaya. Yi ɗan sauti ɗaya, zai miƙe wuya, saita inda jan naman wuya ya haɗu da gashi. Yi bismilla ka danna. Ka isa gare shi da sauri, in da sauran rai ka yanka, ka yi hattara da ƙayar bayan ƙafarsa, tana tsaga hannu. Babba na kai kilo 8 zuwa 10, gashinsa na riƙe zafi, fitar da kayan ciki da wuri.

To mu koma kan baƙuncinsa. Duk wannan farautar maza da na koya muku ba ta rage yawan talotalo. Namiji ɗaya na barbarar mata da dama, ka cire shi wani ya maye gurbi. Mace ce lissafin: ƙwai 10 zuwa 12, kwanci na kwana 28, 'yan tsaki su yi wajen mako biyu a ƙasa kafin su iya hawa bishiya. Wanda ke da fili yana ganin sun yi yawa, zangon kaka ne nasa. Yana buɗewa Asabar ta biyu a Nuwamba, kwana 30, mace ko namiji, biyu a zango. Mata zai ɗauka. Wanda nasa ke raguwa kuma ya ƙyale mata gaba ɗaya, har masu gemun. Ku riƙa duba littafin doka na kowace shekara kafin ku fita.

Me ake tsoro game da su? Abincinsu ya haɗu da na 'yan gida. Ƙwallon itacen ok da suke kwasa shi ne abincin barewa da kurege da salwar Kaliforniya. Garke guda kuma zai tone ganyen ƙasa fili guda, ya cinye ƙwari da 'yan ƙadangaru da ƙananan halittun da ke ɓuya a danshi. Kafin ka yanke musu hukunci a filinka, auna. Kewaye 'yan wurare da waya, kamar mita biyu-biyu, ka bar makamantansu a buɗe kusa da su, ka ƙirga ƙwallon ok da sababbin tsiro a duka biyun bayan wata shida. Sai dai wayar na hana barewa da alade shiga su ma, don haka ɗaura kyamara a wuraren da ke buɗe ka ga wa ke ci. Haka a gonar inabi, da rana talotalo ake gani ana zagi, kyamara kuma sau da yawa ta nuna masu zuwa da dare ne ke ɓarnar. Duk wanda ka harba, buɗe jakar abincin da ke ƙasan wuyansa ka rubuta abin da ka samu.

Inda aka kawar da su ɗungurungum shi ne tsibirin Santa Cruz da ke gaɓar tekun Kaliforniya. An saki 'yan kaɗan a 1975, suka daɗe ba su yaɗu ba. Daga farkon shekarun 2000 sai talotalo ya yi ta hauhawa, wajen 2005 zuwa 2006 kuma aka kawar da aladun daji, waɗanda gaggafa ke cin 'ya'yansu. Damuwar ita ce talotalo ya zama abincin da zai zaunar da gaggafa a tsibirin, gaggafar kuma ita ta kusa ƙarar da 'yar yanyawar da ba a samunta sai a tsibiran nan. Sai ƙungiyar kare muhalli ta The Nature Conservancy ta sa aka cire su. A tsibiri wannan zai yiwu, a babban yanki na maƙwabta za su cike gurbin.

A unguwanni kuwa matsalar hatsi ce. Kwashe abincin tsuntsaye da ke zuba ƙasa da na kare, garken zai watse a hankali. Wanda ya saba da mutane har yana bin yara, a kore shi da tiyon ruwa ko buɗe lema, in ɓarna ta yi yawa a nemi takardar izini ta musamman daga hukuma.

Sai ƙidaya. A Yuli da Agusta, duk garken da ka gani rubuta mata nawa, 'yan tsaki nawa, har matan da ba su da ko ɗaya. Raba jimillar tsaki da jimillar mata. Wajen biyu ga kowace mace, yawansu na tsaye. Ƙasa da haka shekara biyu a jere, rataye bindiga a kaka. Uku zuwa sama, cike adadinka da mata. Darasi na gaba fiɗa ne da yadda ake dafa cinyar don kada ta yi tauri. Sai mun haɗu.