Baƙon da Ke Zuwa a Ruwan Balas

Assalamu alaikum. Jama'a, mu fara daga cikin jirgin ruwa, don can matsalar baƙin halittun teku take kwana.

Babban jirgin dakon kaya idan ya sauke lodinsa sai ya yi sakayau, ya taso sama, farfelarsa ta nemi fitowa daga ruwa. Shi ya sa ake ɗura masa ruwan teku a tankunan da ke ƙasansa da gefunansa don ya sami nauyi. Wannan shi ne ruwan balas. Da ya isa inda zai yi sabon lodi, sai ya amayar da shi. To ruwan nan ba shi kaɗai yake tafiya ba. Akwai ƙwan kifi a ciki, da 'ya'yan ƙaguwa, da ƙwayoyin cuta. Yawancinsu a duhun tanki suke mutuwa. Wanda ya rayu, ya kuma sauka inda babu mai cinsa, shi ne abin tsoro.

Ku dubi Bahar Aswad, tekun da ke arewacin Turkiyya. A farkon shekarun 1980 aka fara ganin wata halitta a can mai suna Mnemiopsis leidyi, 'yar asalin gaɓar Atlantika ta nahiyar Amurka. Jikinta teɓur-teɓur, garai-garai kamar ruwa, ba ta kai tafin hannu ba, ba ta ma harbi. Amma namiji da mace a jiki ɗaya suke, guda ɗaya kan zuba dubban ƙwai a rana. Abincinta kuwa ƙananan halittun da kifi ke ci, ta haɗa da ƙwan kifin da 'ya'yansa. Zuwa 1989 ta cika tekun, kamun ɗan kifin nan da Turkawa ke kira hamsi ya durƙushe. A yi adalci dai: ta tarar da teku a galabaice ne, an yi masa kamun wuce kima, ga dattin taki da kogin Danube ke kwararo masa. A 1999 ta ɓulla a Tekun Kasfiya. Abin da ya rage mata ƙarfi a Bahar Aswad ba dabarar mutum ba ce, wata baƙuwar ce mai suna Beroe ovata ta iso a 1997, ita kuma Mnemiopsis ce abincinta.

Tun da ba a iya tsince irin waɗannan baƙin daga teku, sai a tare su a tanki. Hukumar kula da sufurin teku ta duniya, IMO, ta amince da yarjejeniyar ruwan balas a 2004, ta fara aiki ranar 8 ga Satumba, 2017. Matakin farko shi ne canza ruwa a tsakiyar teku: nisan mil 200 na teku daga gaɓa, zurfin mita 200, a sauya kashi 95 cikin ɗari. Dabarar ita ce halittar gaɓa ba ta jure tsakiyar teku. Sai dai idan teku ta yi fushi, zazzage tanki na iya karya daidaiton jirgi, kyaftin mai hankali ba zai yi ba.

Mataki na biyu, wanda ya hau kan kowane jirgin da yarjejeniyar ta shafa daga Satumban 2024, shi ne na'ura. Ruwan da za a zubar kada ya kai halittu masu rai 10 a kowace kubik mita, ga waɗanda girmansu ya kai maikiron 50 (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya). Ana tacewa tukuna, sannan a haska hasken UV mai kashe ƙananan halittu, ko a yi amfani da lantarki a fitar da kulorin daga gishirin ruwan.

Ga inda ake samun cikas. A tashar da ke bakin kogi, ruwa gurɓatacce ne: laka ta toshe matata, hasken kuma ya kasa ratsawa. Idan gishiri ya yi ƙaranci, na'urar kulorin ba ta samar da isasshe. Wanda ya yi amfani da kulorin kuma dole ya kashe kaifinsa kafin ya zubar, in ba haka ba ya kashe kifin tashar da hannunsa. Sannan ga taɓon da ke kwanciya a gindin tanki, inda wasu ƙwayoyin ke yin likimo wata da watanni. Wannan sai an shiga an kwashe, a kai shi tudu, kada a mayar da shi cikin ruwa.