Inda Kuɗin Wuta Ke Zurarewa a Firij ɗin Gidan Abinci

(An rubuto wannan daga faifan wata lacca da aka yi wa masu gidajen abinci a Kano.)

Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena masu sana'ar abinci, sannunku da zuwa.

Ba sai na gaya muku halin da ake ciki ba. An cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, sannan a Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai yunit ɗin wuta na 'yan Band A, rukunin da suka fi samun wuta, naira 225, kafin ya ɗan sauko zuwa 209 da ɗoriya. To a gidan abinci, in an tashi ana kashe murhu, a kashe fanka da fitila. Firij da firiza kaɗai ke kwana suna ci.

Aikin firij kwasar zafi ne daga ciki zuwa waje. Gas yana zagayawa cikin bututu ya ɗebo zafin kaya, kwamfuresa, wato injin firij ɗin, ta matsa shi, ya je ya zubar ta wannan baƙar ragar ƙarfe da ke baya ko ƙasa. Duk kwabon da kuka biya, ladan wannan jigilar ne. Kamar mai kwarfe ruwa ne a ɗakin da rufinsa ke yoyo: in yoyon ya ƙaru, ko ƙofar zubarwa ta toshe, ba zai huta ba.

Mu fara da ragar, don nan ne ɓarnar ta fi yawa a garin nan. Ku koma yau ku jawo firij ɗinku daga bango, ku haska da fitilar waya. Ƙurar hunturu ta haɗu da tiririn man suya, ta zama wani baƙin danƙo mai kama da auduga, ta liƙe tsakanin ƙarafan, har fankar ta yi nauyi. Ku ɗora hannu kan kwamfuresa, ba za ku iya barinsa ba. Injin nan yana aiki ba tsayawa, kaya ba su yi sanyi ba, sai a ce gas ya ƙare. Maganinsa burushi mai laushi ne da tsumma, bayan an zare soket, ko sau ɗaya a wata. Lokacin hunturu a ƙara. A bar kamar taƙi ɗaya tsakaninsa da bango, kada a jibga kwali da buhu a kansa. Kuma don Allah, Hajiya, a raba shi da murhu. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40 tun a waje, balle kusa da tukunyar tuwo.

Sai robar ƙofa. Ɗauki takardar naira, ka rufe ƙofa a kanta, ka ja. In ta zare salin-alin, to iska mai zafi tana shiga ta nan dare da rana. Ka gwada kowace kusurwa, musamman ta ƙasa inda miya ke zuba robar ta bushe ta tsage. Iskar nan da danshi take shigowa, danshin ne ke zama ƙanƙarar da ke kama bangon firiza. Wasu har murna suke da ita, wai firizarsu na da ƙarfi. Alhali ƙanƙarar shiga tsakani take yi ta hana bututu ɗebo zafin nama. In ta kai kaurin ɗan yatsa, a kashe a bar ta ta narke. Ban da wuƙa, huda bututu ake yi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Akwai masu gyara da ke cire tamostat, na'urar da ke tsayar da inji in sanyi ya kai, su haɗa wayar kai tsaye, wai don a ci moriyar wuta kafin a ɗauke. Mu yi lissafi. A ce firiza tana jan wat 300. In ta yi awa 24 ba hutu, yunit 7.2 ke nan, wajen naira 1,500 a rana a kuɗin Band A na 2024, fiye da 45,000 a wata. Da za ta huta rabin lokaci, rabin kuɗin nan na aljihunka. Ga shi kwamfuresa ta mutu da wuri. Firij digiri 5 ko ƙasa kaɗan yake buƙata, firiza kuma 18 ƙasa da sifili. Ku sayi ɗan ma'aunin sanyi ku rataya a ciki, ku daina awo da tafin hannu.

Batun gas kuwa, ba fetur ba ne, aiki ba ya cinye shi. In ya ragu, akwai inda yake tsiyaya. Mai gyaran da ya ƙara maka bai nemo hudar ba, ya ajiye wa kansa aikin wata mai zuwa ne. Sababbin firij da yawa suna zuwa da gas ɗin R600a ko R290, waɗanda wuta ke saurin kama su, saboda haka ba kowane mai walda za a ba su ba.

Kar a saka tukunyar miya da zafinta. A rarraba a ƙananan mazubai marasa zurfi, ta sha iska, amma kada ta wuce awa biyu a waje, don tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa. Ba komai ne ma ke buƙatar firij ba. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda dabarar sanyaya kaya ba tare da wuta ba, wato tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Tumatir da tattasai za su zauna a nan, amma ban da nama da kifi.

Wani Alhaji ya miƙo takarda yana tambayar abin yi in an ɗauke wuta. Alhaji, ka cike gurbin da ba kowa a firiza da robobin ruwa su daskare. Cikakkiyar firiza da ba a buɗewa takan riƙe sanyi har kusan kwana biyu, firij kuwa wajen awa huɗu ne. Ka ware wa lemo da zoɓo da ruwan leda nasu mazubin, tunda yara kowane minti suna buɗewa, nama ya zauna a nasa. In an dawo da wuta ko an tada janareta, ka dakata minti biyar kafin ka kunna, kuma ɗaya bayan ɗaya, don kwamfuresa ta fi jan wuta lokacin tashi. Wanda zai haɗa da sola, ya nemi mai kwamfuresar inbata, ita a hankali take tashi, ba ta fizgar batir.