Yadda Ake Amsa Tambayar Tarihi Daga Takardun Shaida

Assalamu alaikum ɗalibai, barkanmu da warhaka.

A jarrabawar tarihi ta AP (darussan matakin jami'a) da hukumar College Board ke shirya wa 'yan sakandare a Amurka, akwai tambayar da ake kira DBQ, wato wadda ake amsawa daga takardun shaida. Takardu 7 za a ajiye maka: wata wasiƙa ce, wata jawabi, wata taswira ko zane. Minti 60 gare ka, kuma ana so ka ba 15 na farko ga karatu. Makinta 7 ne kacal, amma ita kaɗai ta ɗauke kashi 25 cikin 100 na jarrabawar.

Abin da ke kayar da ɗalibai da yawa, kuma yana damuna, shi ne su bi takardun nan ɗaya bayan ɗaya suna faɗin abin da kowace ta ce. Malamin da zai duba amsarka ya riga ka karanta su. Matsayarka yake nema, da hujjar da ka kafa ta a kai.

Ka ɗauki kowace takarda tamkar mai ba da shaida a gaban alƙali. Wane ne shi? Yaushe ya yi maganar? Da wa yake yi? Me zai samu in an yarda da shi?

Ga misali. Ranar 5 ga Maris, 1770, sojojin Birtaniya sun buɗe wa jama'a wuta a birnin Boston na Amurka, wanda a lokacin yake ƙarƙashin mulkinsu, mutum 5 suka rasa rayukansu. Ba a jima ba Paul Revere ya fitar da zanen abin da ya faru: sojoji sun jeru reras, kwamandansu ya ɗaga takobi kamar mai ba da umarni, mutanen gari kuwa hannu rabbana. Ɗalibin da ya yi gaggawa zai rubuta cewa zanen ya nuna zaluncin Birtaniya, ya wuce. Dakata tukuna. Revere ɗan gwagwarmayar adawa da mulkin Birtaniya ne, kuma don ya tunzura jama'a ya buga zanen. Da aka je kotu, John Adams, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na biyu, shi ya tsaya wa sojojin. Shaidu suka ce taron ya yi ta jifansu da ƙanƙara da sanduna, aka wanke sojoji 6 daga cikin 8.

To sai a yar da zanen? A'a. Bai isa hujja kan yadda harbin ya auku ba, amma hujja ce mai ƙarfi kan yadda 'yan adawa suka yi amfani da jinin da aka zubar wajen haɗa kan mutane. Rubuta wannan a jimla biyu, ka ɗaure shi da matsayarka. A ƙa'idar da ake bi tun 2023, irin wannan tankaɗe a kan takardu 2 ke kawo maki ɗaya, sannan aƙalla takardu 4 ake so su tallafi hujjarka.

Sauran makin ba su da wuyar samu. Buɗe da shimfiɗa. A misalinmu: Yaƙin Shekara Bakwai, wanda Birtaniya ta gwabza da Faransa a cikinsa, ya ƙare a 1763, ya bar Birtaniya cikin bashi, shi ya sa ta juyo kan yankunan da take mulka da haraji. Ka kawo hujja ɗaya da ba ta cikin takardun, kamar dokar harajin hatimi ta 1765, in dai ba a ambace ta ba.

A mintunan karatun nan, kasa takardun gida biyu ko uku gwargwadon abin da suke goya wa baya, kowane gida ya zama sakin layi guda. Wadda ta saɓa wa ra'ayinka kuma kada ka ɓoye ta. Kawo ta fili, ka faɗi inda take da gaskiya, sannan ka nuna dalilin da ya sa ba ta rushe matsayarka ba.