Ceto Rarar Abinci Kafin Ya Lalace

Masu kallo, a duk daren da manyan kantuna da otal-otal da gidajen cin abinci suka rufe ƙofofinsu, akan kwashe abinci lafiyayye a nufi bola da shi, alhali a cikin birnin nan ɗaya akwai ƙungiyoyin agaji da ke sallamar mutane hannu rabbana saboda abin da suka dafa ya ƙare. Aikin ceto rarar abinci shi ne haɗa waɗannan wurare biyu kafin abincin ya lalace, kuma duk wahalar aikin tana cikin wannan ƙayyadadden lokaci.

Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a rahotonta na 2024 cewa a shekarar 2022 an zubar da abinci da ya kai tan biliyan 1.05, wanda kashi 60 cikin 100 nasa daga gidaje ya fito, kashi 28 daga wuraren sayar da dafaffen abinci, kashi 12 kuma daga kantuna. Ba dukkansa ne ake iya ci ba, domin lissafin ya haɗa da ɓawo da ƙashi, sannan na gidaje yana warwatse ne ta yadda tattara shi ke da wuya. Saboda haka masu aikin ceto sun fi mayar da hankali ga kantuna da wuraren dafa abinci da gonaki, inda rarar ke taruwa wuri guda da yawa.

Me ke sa abinci mai kyau ya zama rara? Wani lokaci kwali ne ya lotse, ko an yi odar da ta wuce buƙata, ko kayan gwari ba su yi kyan gani ba a idon mai saye. Babban abin takaici kuwa shi ne ruɗanin kwanan watan da ke jikin kaya. Akwai kwanan watan da ke nuna ranar da cin abu zai iya cutar da lafiya, wanda ba a wasa da shi, akwai kuma wanda ke nuna lokacin da ɗanɗano ko ƙamshi zai fara raguwa kawai. Kayan da suka wuce na biyun sau da yawa lafiyarsu lau, amma ana zubar da su tamkar guba.

Tsarin da ake bi a yau ya samo asali ne daga birnin Finiks na jihar Arizona a Amurka, inda John van Hengel ya kafa bankin abinci na farko a 1967, wato rumbun da masu rara ke ajiyewa, ƙungiyoyin agaji kuma su zo su ɗiba. Rumbu ya dace da hatsi da kayan gwangwani. Dafaffen abinci da madara da nama kuwa ba sa jira, domin ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri tsakanin digiri 5 da digiri 60 na ma'aunin Salshiyas, don haka dole ne mai sanyi ya ci gaba da zama a sanyi tun daga firjin mai bayarwa har zuwa kicin ɗin ƙungiya. Wannan ne ya sa mota mai firji da direban da ke zuwa kan lokaci da ɗan sa-kai mai duba ma'aunin zafi suka fi komai muhimmanci, kuma a ganina nan ne ya kamata masu tallafi su fi zuba kuɗinsu, ko da yake ba shi ne ɓangaren da ke jan hankalin jama'a ba.

Ɗaya shingen shi ne tsoron shari'a, domin ɗan kasuwa yakan gwammace ya zubar da kaya a kan wani ya ci ya yi rashin lafiya a kai shi kotu. Amurka ta magance wannan da dokar Bill Emerson ta 1996, wadda ke kare duk wanda ya bayar da zuciya ɗaya matuƙar bai yi mummunan sakaci ba. Faransa ta wuce nan a 2016, inda ta haramta wa manyan kantuna lalata abincin da ake iya ci, ta kuma wajabta wa waɗanda faɗinsu ya haura murabba'in mita 400 su ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin agaji.

Sai dai doka ba ta saya wa ƙaramar ƙungiya firji. Idan aka jibge mata kayan da suka fi ƙarfin ma'ajiyarta, an mayar mata da aikin zubar da shara ne kawai, ita da ba ta da kuɗin kwashe ta. Shi ya sa masu ceto na ƙwarai suke fara tambayar ƙungiya mutum nawa take ciyarwa, a waɗanne ranaku take dafawa, kuma nawa firjinta ke ɗauka, kafin su tayar da mota zuwa ƙofar kowane kanti.